Giɓin da Clarrie Ya Buɗe

Clarrie ne ya yanke shingen da gwamnati ta kafa don kora kangaru zuwa ramin tsallakawa na ƙarƙashin titi. Wai zagayen zuwa mashayar giya ya yi masa nisa.

Da magariba yana ratsa giɓin, ƙarfen gaban motarsa ya daki wani abu. Ko birki bai taka ba.

"Na kwantar da wani kangaru," ya ce wa abokan shansa. "Shashasha, an gina masa rami ya ƙi bi!"

Sai ga wayar matarsa Noelene.

"Sarkin wayo, karenka Rusty ya riga ka fita, ya bi ta giɓin nan naka. Ya iso?"

Clarrie ya fita ya duba ƙarfen. Jan gashin Rusty ne manne a jiki.