Kwana Ashirin da Ɗaya a Osaka

Maliki na ƙarƙashin rumfa yana kwance injin ban-ruwa lokacin da Suhaibu ya sake shiga ofishin Alhaji Dabo, ya turo ƙofa. Karo na huɗu ke nan a mako guda. Maliki ya danna sifana da ƙarfi har ya lalata kan noti.

Duk wanda ke shagon ya san Alhaji zai tura mutum ɗaya Osaka, ƙasar Japan, ya zaɓo masa tsofaffin injina masu lafiya. Ko wane ne, babu wanda ya ji daga bakinsa, don Alhaji ba ya faɗin abu sai ya kammala. Ya ce bakin mutane guba ne. Fasfo ɗin ma'aikatan kuwa duk suna cikin sef ɗinsa tun tafiyar Kwatano.

Amma Maliki ba yaro ba ne. Shekara goma sha ɗaya yana shan baƙin mai a shagon nan, inji ko tari ya yi ya san ciwonsa. Suhaibu fa? Jiya-jiya ya zo daga Zango, ko fulogi bai iya wankewa ba, sai iya murmushi da farar shadda. Ga shi yanzu shi ne ɗan ɗakin Alhaji. Abin ya ci wa Maliki rai, ya hana shi jin daɗin tuwo.

Abin haushin ma, kaf Daura babu mai son Japan kamarsa. Duk datarsa a kallon titunan Osaka take ƙarewa. Matarsa Haulatu kan ce, wanda bai sani ba sai ya ɗauka a can aka yanke masa cibiya.

Ranar Laraba bayan azahar Suhaibu ya jawo benci ya zauna kusa da shi, bakin nan har kunne.

"Yaya Maliki, Alhaji ya ce kai za ka zaɓi unguwa da masauki, sai da takardarsu ake neman biza. Ya ce ka zaɓa kamar kai ne za ka kwana."

Kai, jama'a! A hana ka nama, sannan a ce kai za ka hura wutar gashi. Maliki ya goge hannu, ya ɗauko waya.

Ya san inda ya dace sarai. Akwai wata unguwa shiru kusa da masallaci, da shagon naman halal a bakin layi, da ɗan ɗaki mai taga da wurin shimfiɗa darduma. Ya fi shekara yana ajiye da hoton ɗakin nan a wayarsa. Ya dube shi sau ɗaya, ya dubi farar shaddar Suhaibu, ya wuce.

Namba ya nufa a wayar, wata unguwar Osaka da ba ta barci, mai fitilu da kiɗa da gidajen giya. A can ya lalubo irin masaukin nan da ba ɗaki ake ba mutum ba, akwati ne a jikin bango, wani kan wani kamar ramukan tattabaru. Mutum ya rarrafa ya shiga, ya ja labule, ko miƙewa tsaye ba ya iya yi, balle ruku'u. Ganin hoton kawai ya sa numfashin Maliki ya sarƙe, don tun yana ɗan shekara bakwai da aka manta da shi cikin rumbun gero, ko lif ba ya shiga. Wannan ne ma ya tabbatar masa ya samo abin da yake nema.

Hoton zauren karɓar baƙi kaɗai ya nuna wa Suhaibu, mai ƙyalli da furanni.

"Ka tabbata ya yi maka, Yaya?"

"Ya yi mini ɗari bisa ɗari. Manyan 'yan kasuwa a nan suke sauka."

"Ai kai ne masani. Amma ka ga sun rubuta ba a fasawa in an biya, kuma ka san Alhaji ba ya biyan abu sau biyu."

"Biya kawai," in ji Maliki.

Da Suhaibu zai tashi sai ya juyo. "Af, kana da rigar sanyi mai kauri? An ce sanyin can ba wasa."

Har rigarsa ma za a ara! Maliki ya ce ba shi da ita, alhali tana ƙasan akwati tun lokacin angonci.

Kwana biyu yana fito a bakin aiki. Da ya gwada wa Haulatu hoton akwatin yana ƙyaƙyata dariya, ita ba ta yi ba. Cewa ta yi in zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere. Ya ce ta ji da miyarta.

Ranar Asabar bayan la'asar Alhaji ya fito da ambulan a hannu, Suhaibu na biye da shi yana ta wannan murmushi nasa.

"Maliki, duba mana ko komai ya yi daidai," in ji Alhaji. "Wata biyu Suhaibu ya hana ni sakat a kan mutumin nan. Kullum yana ofishina, wai kaf shagon babu wanda ya cancanci tafiyar sai shi."

Maliki ya buɗe yana danne dariya. Namba, kwana ashirin da ɗaya, akwati mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, jerin ƙasa, an biya, ba a fasawa. Sannan idonsa ya hau layin farko, inda aka rubuta sunan baƙon da manyan baƙaƙe: Maliki Anwar Daura.