Kwarin Tsakiyar Gona

"Idan ka sayi wannan garmar, Yaya, to ka daina kirana ɗan'uwanka."

Maƙerin ya ajiye gudumarsa. Garma biyu ne jingine da bangon maƙera. Ɗaya mai baki guda ce, irin ta mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa, wadda ke barin kwari a tsakiyar gona. Ɗayar mai baki biyu ce, ana juya ta a ƙarshen kowane layi, tana kifa ƙasa gefe guda, ba ta barin kwari ko kaɗan.

Wannan kwarin kuwa shi ne iyakarsu tun ranar da aka raba gado: gabas rabon wa, yamma rabon ƙane, inda ruwa ya wanke ƙasa har tsakuwa ta bayyana.

"Kai da carbi a hannu," in ji ƙanen, "so kake ka shafe iyaka, ka haɗiye ɗan abin da ya rage mini?"

Sai da wan ya ƙarasa tasbihinsa, sannan ya dafa mai baki biyun.

"Malam," maƙerin ya ce a hankali, "wannan fa, gefen da ka zaɓa mata, can za ta riƙa tura ƙasa mai albarka shekara bayan shekara."

"Na sani. Iyaka kuwa dutse za mu kafa, gaban shaidu." Ya dubi ƙanensa. "Ƙasar, in Allah Ya yarda, yamma za ta kifa."