Jikan Malam na Majalisa

Tun da hantsi Halliru ya ɗauko Goggo Ma'u a adaidaita-sahu, yana ta yi wa direba faɗa a kan ramuka, sai ka ce kwandon ƙwai ya ɗauko.

Yana da dalili. Yau ƙungiyar manoman rani ta unguwarsu a Kazaure za ta zaɓi kakaki, wanda zai riƙa tsayawa gaban hukuma a kan ruwa da taki. Halliru na son kujerar nan kamar ransa. Sai ga abokin takararsa, Jalaluddeen, ya faɗa a bainar jama'a wai Halliru surutu ya iya, ba magana ba.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Shi da ya gaji magana! Kowa a zuri'arsu ya san Malam Muhsin na Majalisa, kakansa, wanda ya zauna a majalisar Kaduna tun zamanin Turawa. Halliru bai riske shi ba, amma labari ya ishe shi. A gaba Malam yake zama, dab da shugaba. Zaɓe ya zo ya wuce, manya sun sha ƙasa, shi ko gezau. Har ya bar duniya da tabon tawada a yatsa, na sa hannu a manyan dokoki, in ji Halliru.

Jalaluddeen ya ce tatsuniya ce. Shi ya sa aka ɗauko Goggo, autar Malam, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da shi a Kaduna.

Da suka iso wurin taron, aka shimfiɗa mata darduma a inuwar darbejiya. Halliru ya gyara zaman hula, ya durƙusa.

"Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya. Malam ya zauna a majalisa ko bai zauna ba?"

"Ya zauna, ɗan nan. A can furfura ta same shi."

"An taɓa kayar da shi a zaɓe?"

"Wa zai kayar da shi?"

Wuri ya kaure da sowa. Jalaluddeen ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wallahi da Halliru ya tsaya a nan, da ya koma gida da kujerarsa. Amma ina! Daɗi ya riga ya kwashe shi. Ya miƙe, ya ɗaga murya yadda har na bakin titi za su ji.

"Saura ɗaya, Goggo. Duk zamansa, akwai wanda ya taɓa ja da maganarsa, ko Bature ko namu?"

Goggo Ma'u ta dube shi, ta yi dariya har tana tari.

"Ja da wace magana, Halliru? Allah ya jiƙan Baba, ai akawu ne. Su yi ta surutunsu yana rubutawa, har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinsa."