Hammatar Hagu

Tun da safe Griet ta goge akwatin gilashin sau uku, ta ƙara kafur a kowane lungu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta da abokin gaba kamar asu, ƙwaron nan mai cin ulu.

A cikin akwatin akwai rigar sanyi ta wani masunci, saƙar hannu, wadda aka ce ta shekara ɗari da hamsin. Ita ce gaba ɗaya darajar ɗan gidan tarihin garin. Hukuma ta ce yau masaniyar saƙa za ta zo daga birni ta duba. In rigar ba ta gaske ba ce, za a rufe gidan.

"Griet, zauna mana, kina sa mu jiri," in ji Wiebe kafinta. "Ko ke za a duba wa shekaru?"

"Ka ji da ƙusoshinka, tsohon banza."

Griet ce mai gyaran tufafin gidan. Ita kaɗai ke taɓa rigar. Ita ce kuma ta yi zazzaɓi ranar da ta ji sunan wadda za a turo. Duk masanan ƙasar nan, a rasa wadda za a aiko sai wannan!

Ƙarfe goma masaniyar, wadda ake kira Dakta, ta iso, fuska ba wasa. Ta gaida Douwe, shugaban gidan, ta gaida Wiebe. Griet kuwa kai kawai ta ɗaga mata.

Ta sa safar hannu. Ta shinshina rigar.

"Warin banda," ta ce.

"Ai mai rigar masunci ne!" Douwe ya yi caraf. Griet ta kalli ƙasa. Rumfar bandar kifin mijinta tana nan bayan gidansu.

Dakta ta juya rigar, ta bi wuya, ta bi hannaye. Da ta kai hammatar hagu sai ta tsaya cak. Akwai zare ɗaya a wurin da ya murɗe ta baibai. Ta daɗe tana kallonsa. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

Griet ta dafa gefen akwatin.

"Wannan kuskuren na san shi," Dakta ta ce. "Hannun gida ɗaya ne a garin nan, babu mai iya kwaikwayonsa. Abin da zan rubuta ke nan."

Douwe ya rungume Wiebe. Aka kawo kofi da biskit.

Griet ta raka baƙuwar bakin ƙofa, ta miƙa mata kwat ɗinta. Dakta ta ɗaga hannun hagu, ta nuna hammatar rigar sanyin da ke jikinta, inda zare ɗaya ya murɗe ta baibai kamar na waccan, ta rage murya.

"Mama, ranar Lahadi ina zuwa cin abinci. Ki tanadi bayanin yadda asu ya cinye ta ainihin."