Bel Ɗin Barde

Mamuda ya taka burki a shingen Faskari, goshinsa ya daki sitiyari. Barde, ƙaton karensa, ko gezau bai yi ba a kujerar baya. Ya naɗa masa majanyi a ƙirji, ya haɗa da bel.

Jami'in hanya ya leƙo.

"Baba, ka ɗaura wa kare bel, kai kuwa ko oho?"

Mamuda ya shafa goshi.

"Yaro, shi in ya mutu akwai mai kuka. Ni. Ni kuwa ban bar kowa a gida ba."

"To in kai ka mutu, wa zai kwance shi?"

Mamuda ya daɗe yana kallon madubi. Sannan ya laluba, ya jawo nasa bel ɗin.