Kashi Casa'in da Bakwai

Ranar da aka manna sanarwar a ɗakin malamai, Baba Alli ya karanta ta sau biyu, ya zaro jan bironsa, ya gyara mata kurakurai uku.

Maganar ciki gajera ce. Kowane malami zai haɗa kundin aikinsa a intanet: tsarin darasi, tambayoyin gwaji, bidiyon aji. Na'ura ce za ta tantance. Wanda ya faɗi, ya tattara nasa ya nasa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana koyar da lissafi, saura biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Alli ya shige masa farce har ɗalibai suka manta sunansa na gaskiya. Baki kuwa, sai wanda ya ji. A faɗarsa, duk injiniyan da ke garin nan a hannunsa ya koyi raba goma gida biyu.

Akwai wani matashin malamin kwamfuta da ya laƙaba wa Ɗan Caji, don kullum yana durƙushe yana laluben soket. Shi ne ya fara tayi.

"Baba, kawo littattafan nan naka in taya ka shigarwa."

"Kai? In ba ka su ka wayi gari farfesa? Bara ma ai na kama ka kana ɗaukar hoton allona. Je ka, wayarka na kuka."

Littattafan guda goma sha ɗaya ne, masu baƙin bango, a jere kan kabad ɗin ɗakinsa. Duk darasin da ya taɓa ƙirƙira yana ciki, da rubutun hannunsa. Ya sauke su, ya dire a gaban autarsa. Ita ma malama ce. Bara aka ɗauke ta aiki a wata makaranta can ƙetaren gari, tana cikin mutum shida da aka zaɓa daga ɗari huɗu, kuma har mai gyaran takalmin bakin titi sai da ya ji labarin sau uku.

Auta ta daɗe tana kallon littattafan.

"Baba, da ka bari na ɗan sassauya kalmomin. Na'urar nan tana da tsirfa."

"Ko ɗigo kada ki taɓa min. Ita na'urar ce za ta zo ta koya."

Aikin da ya zata zai ci wata guda, kwana biyu ta yi ta gama. Ya ƙara wannan a jerin abin fahariya. Da aka zo turawa ta ce yatsunta sun yi tsami, shi ya danna da kansa, da babban yatsa, kamar mai dangwala ƙuri'a.

Ranar Litinin da hantsi aka kira shi ofishin shugabar makaranta. Baƙi biyu ne zaune daga hukumar ilimi, kwamfuta buɗe a gabansu. Shugabar ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Babban cikinsu ya ce kundin ya fito ja. Kashi casa'in da bakwai cikin ɗari kwafe ne. Darussan nan, kalma da kalma, an riga an shigar da su wata goma sha huɗu da suka wuce, da wani suna.

Baba Alli ya yi dariya har da buga cinya. Da ya ga shi kaɗai yake yi, ya miƙe. Ya ce wasu darussan nan ya rubuta su tun kafin a yaye mai maganar. Ya ce a kira masa Ɗan Caji yanzu yanzu.

"Malam, na'ura ba ta san shekara talatin ba," in ji baƙon. "Kwanan wata ta sani. Amma in kana da littattafan, kawo. In suka tabbata naka ne, wancan za a kora, a soke shaidar koyarwarsa. Ba zai ƙara tsayawa gaban aji ba."

"A kora! A soke! Ku nuna min ɓarawon kawai."

Aka juyo masa da kwamfutar. Ya ɗora tabarau, ya sunkuya. Ya cire, ya goge da bakin riga, ya mayar. Fankar ofishin ta yi ta juyawa. Sai ya ja kujera ya zauna a hankali.

"Littattafan fa, Malam?"

"Babu wasu littattafai. Gara ta cinye."

"To darussan?"

"Kwafa na yi. Ina takardar da zan sa wa hannu?"

Ya sa hannu a wuri uku. Bai ko duba kuskuren rubutu ba.

Kafin ya iso ɗakin malamai labari ya riga shi. Ya kwashe kofinsa da sallayarsa da ragowar alli a leda. Sai da ya kai ƙofa ya ji wata malama tana cewa ƙasa ƙasa, ashe duk bakin nan na aro ne. Ɗan Caji kuwa bai ɗago daga wayarsa ba, murya kawai ya ɗaga.

"Baba, da ka tambaya ai da na koya maka yadda ake ɓoye sawu."

Bai hau mota ba, da ƙafa ya tafi gida cikin ranar nan. Ya tarar da Auta ta dawo, tana zaune a tebur da tarin littattafan ɗalibanta, biro a hannu, amma ko shafi ɗaya ba ta buɗe ba. Ya ajiye ledar, ya cire takalmi, ya ɗan rusuna.

"Barka da aiki, Malama," in ji shi. "An ce darussanki na sata. Na amsa, na sa hannu."