'Yar Kwalbar Madam Yvette

"Ya rayu, Madam!" Tun daga ƙofa Fauziya ta tari Yvette, ma'aikaciyar lafiya mai zagaya gidajen masu jego a Ngong. Ciwon cibiya ya kashe wa Fauziya jarirai biyu kafin suna. Wannan kuwa jiya aka raɗa masa.

Yvette ta buɗe zanen jaririn. Cibiyar shafe take da toka.

"Ina 'yar kwalbar da na ba ki?"

Maganin cibiya ne. Ranar da ta kawo shi, da Faransanci Yvette ta yi bayani, tana sauri, Fauziya na ta gyaɗa kai.

"Wallahi ban taɓa fashi ba. Yana tsala ihu, ni kuma in daure." Ta juyo da fuskar jaririn, baƙin idanunsa ya koma fari fat. "Safe da yamma nake ɗiga masa a ido."